Nonon Inna Kulu

Ɗazu da kuna shigowa na ji wata cikinku tana ce wa 'yar'uwarta wai aikin ungozoma ai yanke cibi ne da wankan jariri, sauran duk Allah ke yi. Ban ji haushi ba. Rabin maganar gaskiya ne, Allah ke yi. Amma tunda malamarku ta aiko ku da littafi da biro ku tambayi tsohuwa, ku gyara zama a tabarmar nan in gaya muku sauran rabin.

Sunana Aisa, sai dai tun da na kama aiki ba mai kirana sai Ungozoma. Na koya ne a wurin ƙanwar babana, Goggo Tumba. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba. Illelar da kuka sani, ta 'yan canji da ƙarar babur, babu ita. Gari ne ƙarami da rijiyoyinsa da gonakin gero, sai duwatsun da Ingilishi da Faransa suka kakkafa a daji suka ce daga nan ƙasar wannan, daga can ta wancan. Mu dai in an kira mu haihuwa Konni tafiya muke yi, ba mu taɓa tsayawa neman izinin dutse ba. Mijina na fari ya rasu ban haihu da shi ba, na dawo gida, idon Goggo kuma ya fara hazo. Ta ce tana neman mai ido biyu masu kyau da bakin da ke rufuwa. Haka na shiga.

Kayan aikinta duka ƙwarya ɗaya ke ɗauke su, a rufe da faifai. Akwai ɓawon karan dawa da take fiƙewa sabo a kowace haihuwa, don ba ta yanke cibi biyu da ɓawo ɗaya. Akwai zaren da ta kaɗa da hannunta, da sabulun salo, da man shanu a ɗan tandu, da ɗan kasko na gasa cibi. Tsummokanta kuwa kullum suna kan igiya a rana, har maƙwabta na tsokanarta wai ta fi mai jego wanki. Shekara guda cur ban yanke cibi ba. Ni ce mai ɗebo ruwa, mai hura wuta, mai haƙa ramin da za a binne mabiyiya a bayan ɗaki. Abu ɗaya take bari in yi a cikin ɗaki: in ɗora tafin hannuna a kan cikin mai haihuwa in yi shiru.

Ranar da na fara gane amfanin wannan, da hantsi ne, a gidan wani mai fataucin kanwa. Matarsa ta haifi 'ya mace lafiya, amma mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma na bin ƙafarta yana taruwa a ƙasa. A zamanin nan ba a ba jariri nonon fari. Dakashi ake ce masa, ana cewa dafi ne, sai a matse a zubar, a yi ta ɗura wa jariri ruwa ko nonon akuya har kwana uku. Goggo ba ta ko goge jaririyar sosai ba, ta ɗora ta a ƙirjin uwar, ta kama kan nono ta sa mata a baki.

Uwar mijin ta faɗo ɗakin. "Tumba, mi kike yi hakanga? Dakashi za ki ba ta? Ki kashe muna ɗiya?"

Goggo ba ta ɗago ba. "In ta mutu ki kai ni ga alƙali. Matsa, kin tare mani haske."

Ta jawo hannuna ta danna shi ƙasa da cibiyar matar. Wurin laushi yake, kamar ƙullun da ya sha ruwa. Jaririyar ta yi ta lalube, ta saki, ta sake kamawa, can ta ja da ƙarfi. Ban ƙirga ashirin ba sai na ji abin da ke ƙarƙashin tafina ya tattaru, ya dunƙule, ya yi tauri kamar ƙoƙo. Matar ta yi nishi, ta durƙusa, mabiyiya ta sulluɓo. Goggo ta ci gaba da murza wurin da hannunta, jinin ya yi ta raguwa har ya zama ɗigo. Uwar mijin ta tsaya tana kallo, sannan ta ce ai ita dama tana shirin faɗin a yi haka.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Goggo, nono na sama, mahaifa na ƙasa. Wa ya gaya mata ɗiya ta kama?"

Ta yi dariya. Ta ce aurenta na fari a ruga ta yi shi, shekara bakwai cikin Fulani, kuma a can ta ga ba mai hana ɗan maraƙi nonon fari, yana sha mabiyiya na faɗuwa. Ta ga saniya na ɓoye nononta ta ƙi sakar wa mai tatsa, sai an kawo ɗanta ya tsotsa. "Akwai ɗan aike cikin jiki, Aisa. Ban san hanyar da shike bi ba. Na dai san ƙohwar da aka ƙwanƙwasa mashi."

Ban so ku tafi da cewa wannan na isa kullum. Akwai ranar da ba ya isa, zan zo wurin.

Wani aikin da na kan tuna in yi dariya ni kaɗai a Darna Sabon Gari ne. Wata mata ce da ita da mijinta suka tsallako daga ƙasar Faransa don gudun aikin tilas, suka sauka a gidan dangi. Naƙuda ta kama ta tun safe, tana tafiya daidai, har faya ta fashe. Sai ga ƙarar dawaki a bakin gari, masu ƙidayar haraji ne kawai, ba ruwansu da ita. Ita kuwa ta ɗauka an biyo mijinta. Naƙuda ta tsaya cik, kamar ba a taɓa farawa ba. Matan gida suka cika ɗaki, wannan ta ce a jiƙa rubutu, waccan ta ce a nemo wanzami. Goggo ta kore su duka, ta saki asabari, ta sa aka kira mijin ya tsaya bayan danga ya yi tari yadda matar za ta ji muryarsa. Sannan ta ciro mazarinta ta zauna tana kaɗi, tana ba matar labarin wata akuyarta mai satar dusa. Ni ina kusurwa ina jin haushi, mace na cikin hali ana zancen akuya. Kafin la'asar naƙuda ta dawo da kanta, ta haifi namiji.

Goggo ta ce, "Tsoro ma ɗan aike na. In ya riga isa, wancan sai ya jira."

Na yi shekara uku ko huɗu tare da ita sannan muguwar shekarar ta zo. Gero na fitar da kai ruwa ya ɗauke, bai sake sauka ba. Kafin bazara rumbuna sun zama wofi. Mutane suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, suna tsintar ganye, suna tone gidan tururuwa. Daga arewa jama'a suka yi ta gangarowa da ƙwaryar hannu. Haihuwa kuwa ba ta san yunwa ba, tana zuwa a kan lokacinta, sai dai uwayen ba su da jinin da za su yi asararsa.

A cikin wannan aka kira mu Lafani. Yarinyar sunanta Habsu, haihuwar fari, ta zo goyon ciki gidan uwarta Inna Kulu. Mun iso rana ta take, mun same ta durƙushe, siririya kamar kara, ba ta ko tari saboda kunya. Ta haifi namiji ɗan ƙarami, mai kuka da ƙarfi. Mabiyiya ta faɗo, amma mahaifa ta ƙi dunƙulewa. Muka sa yaron a nono, ya ja, ta ɗan yi tauri ta sake saki. Goggo ta murza har hannunta ya gaji, na karɓa, na gaji, ta karɓa. Tsummokanmu suka ƙare, Inna Kulu ta yage zanenta. Leɓen Habsu ya yi fari, jikinta ya yi sanyi, ta daina amsa kira. Har an aika a gaya wa mijinta ya zo. Sai wajen la'asar sakaliya jinin ya tsaya, ba don gwanintarmu ba. Goggo ta sa kunne a ƙirjinta ta daɗe, sannan ta ce tana nan.

Ta rayu. Kwana uku ta buɗe ido, kwana biyar ta sha kunu da hannunta. Amma nono bai zo ba. Ko dakashin kirki babu. Muka gasa, muka murza, muka ba ta duk abin da ake ba mai jego gwargwadon abin da ya rage a garin. Yaron ya yi ta tsotsa har ya gaji ya saki ya yi kuka. Na ga mata da yawa a shekarar nan da nononsu ya ragu, amma yakan ɗiga. Na Habsu kwanciya ya yi, kamar na wadda ba ta taɓa ciki ba. Akuya ɗaya ta rage mai nono a unguwar, ita ma abin da ake samu bai cika ludayi biyu ba. Matan da ke shayarwa kuwa nasu 'ya'yan ma ba su ƙoshi. Madigar yaron ta fara faɗawa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Goggo ta zauna a tsakar gida tana kallon Inna Kulu da ke jijjiga yaron. Can ta ce, "Kulu, autanki shekara nawa da yaye?"

"Ya hi goma. Mi kike nuhi?"

"Kwance zanenki."

Inna Kulu ta rufe baki da hannu. "Tumba, ji tsoron Allah. Ni da jikoki? Wanga abu ya bushe tun tuni, sai hwata."

"Ban ce akwai ba. Na ce ki ba shi ya kira."

Aka aika aka tambayi liman. Ya ce halal ne, ceton rai ne, sai dai a sani in yaron ya sha ya ƙoshi ya zama ɗanta na shayarwa, kuma in ya girma ba shi ba auren 'ya'yan kawunnansa. Inna Kulu ta ce ya girma tukuna, a yi wannan rigimar.

Ku lura da yadda aka yi, don ba a littafi Goggo ta samo ba. Jariri ba ya tsotson banza, in bai ji komai ba sai ya saki. Don haka ni nake zama gefen Inna Kulu da nonon akuya a ƙaramin ludayi, ina ɗiga shi kaɗan-kaɗan a saman nononta yana gangarowa zuwa bakin yaron. Shi yana zaton daga ciki yake fitowa, sai ya ƙara ja. Kowane lokaci ya motsa a sa shi, wannan gefe da wancan, ba a ƙirga sau nawa. Ta ɗaure shi a ƙirji fata da fata, ba ta sauke shi sai in za ta yi salla. Goggo kuma ta bi gida-gida a Lafani tana cewa kowace mace ta kawo abin da tafin hannunta zai ɗauka na gero. A shekarar da mutum ke ɓoye wa ɗan'uwansa tsaba, sun kawo. Ana dama wa Inna Kulu kunu, tana sha tana kuka don tana ganin yara na kallonta.

Kwana bakwai babu komai, sai ciwo da tsagewar fata, muna shafa man shanu. A cikin kwanakin nan aka yi suna ba rago, aka sa masa Ummaru. Kwana goma babu komai. Inna Kulu ta fara cewa a bar ta haka nan, ana wahal da maraya da uwarsa a raye. Ranar sha biyu ko sha uku, da safe, ina ɗiga nonon akuya sai ludayin ya ƙare, na tashi in ƙaro. Na dawo na tarar yaron bai saki ba. Maƙogwaronsa na motsi. Inna Kulu ta daskare, ba ta ko numfashin kirki.

Ta ce a hankali, "Aisa, wani abu na yi mani yawo cikin ƙirji awa tururuwa."

Goggo ta zare bakin yaron ta matsa. Ɗigo biyu suka fito, fari-fari. Ta ɗanɗana a yatsa, ta miƙe, ta rangaɗa guɗa. Rabona da jin guɗa tun kafin ruwa ya ɗauke. Mata suka fito da gudu suna zaton hatsi aka kawo.

Nonon bai taɓa yawa ba, ana haɗawa da na akuya, daga baya da kunu. Amma ya riƙe Ummaru har damina ta zagayo. Habsu kuwa ta tashi, sai dai ba ta koma yadda take ba. Al'adarta ba ta dawo ba, ba ta sake ciki ba, gashin hammatarta ya zube, kullum tana jin sanyi ko da bazara, aiki kaɗan sai ta zauna. Mijinta mutumin kirki ne, bai sake ta ba. Na sha tambayar Goggo yadda aka yi tsohon nono ya amsa, sabo ya ƙi. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta ƙirƙiro mini ƙarya ba. Har ta rasu ba ta sani ba.

Shekara ashirin da wani abu bayan haka, ƙwaryar Goggo ta daɗe a hannuna, hakimi ya aiko cewa Turawa na son a tura ungozomomi Sakkwato su yi wata uku a asibiti. Da yawa suka ƙi. Ni na hau jaki, kwana uku muna hanya. Mai koya mana wata Baturiya ce doguwa da ake kira Sista, Hausarta gutsure-gutsure, don haka wani malamin asibiti, Malam Isa, yake mana tafinta. Ranar farko ta ga ɓawon karana ta kama kai. Na ji zafi, amma ta fi ni gaskiya. Ta koya mana dafa almakashi da zare, da wanke hannu har gwiwa, da barin cibi ba a shafa masa komai. Bayan na dawo gida, jariran da ke sanƙarewa su kasa kama nono a makon fari sun ragu a hannuna. Wannan bashin ilimi ne, ina faɗinsa ko'ina.

Wata rana da safe aka kawo mace tana zubar da jini bayan haihuwa, irin na Habsu sak. Ni na ɗora hannu a cikinta don hannuna ya saba. Sista ta fasa wuyan wata 'yar kwalba ƙarama, ta zuƙe ruwan da allura, ta soka mata a cinya. Jim kaɗan sai na ji mahaifar ta tattaru a ƙarƙashin tafina, ta yi tauri, irin taurin da na sani, sai dai ya fi ƙarfi ya fi daɗewa. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba: "Ɗan aiken Goggo!"

Bayan an gama Sista ta sa Malam Isa ya tambaye ni me na ce. Na ba su labarin nono da mahaifa. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce in biyo ta. Ta aika kicin aka kawo albasa, ta ɓare wannan fatar mai shara-shara ta ciki, ta shimfiɗa a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin likita, ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na ga ɗakuna jere, manne da juna kamar saƙar zuma, kowane da bangonsa da ɗan ɗigo a ciki. Albasar da nake yankawa a miya tun ina yarinya!

Malam Isa ya ce, "Inna, ta ce ke ma haka kike, da ni, da jaki. Jiki duka irin waɗannan ƙwayoyi ne, ba su ƙirguwa. Ba su da baki ba su da kunne, amma dole su yi magana, in ba haka ba kowace sai ta yi abin da ta ga dama."

Na ce to da me suke maganar?

Ya ce da ruwa. Ku a makarantarku kuna cewa sinadari, shi ruwan aike ya ce mini, kuma da shi na riƙe. Wasu ƙwayoyin suna haɗa wani ruwa ɗan mitsitsi su sake shi. Wani na maƙwabta ne, ba ya nisa, kamar yadda in ƙaya ta soke ka wurin ke ja ya kumbura, ƙwayoyin nan ne ke kiran na kusa da su. Wani kuma sai ya faɗa cikin jini, jini ya zagaya da shi ko'ina. Sista ta ƙwanƙwasa tsakanin girarta da yatsa, ta ce can ciki, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan nama da bai wuce ƙwayar wake ba. In jariri ya tsotsa, jijiya ke kai labari can, shi kuma ya saki ruwansa cikin jini. Ɗaya yana ce wa mahaifa ta matse, ya ce wa nono ya saki. Wani daban yana ce wa nono ya haɗa sabo. Na tsoro kuma daga wani wuri yake fitowa, kusa da ƙoda, shi ke sa zuciya bugu, kuma yana iya danne wancan.

Na ce ban yarda ba tukuna. In jini na kai shi ko'ina, me ya hana ido ko ƙafa su matse?

Sista ta yi dariya har ta tafa hannu. Ta ce masanan ƙasarsu ma suna kan wannan tambayar, amma abin da suke gani shi ne ba kowace ƙwaya ke da wurin kama kowane ruwa ba. Wadda aka halitta da wurin kama shi ita ke amsawa, sauran ya wuce su. Na ce wa Malam Isa na gane. In Buzu ya yi kira da harshensu a kasuwar Konni kowa na jin ƙara, amma 'yan'uwansa kaɗai ke waiwayowa. Da na tambayi inda suke samo na cikin kwalba, ta ce daga kan shanun da aka yanka a ƙasarsu ake ciro ɗan naman a tace. Na ce Allah ya jiƙan Goggo, ashe maganar ba ta bar wurin shanu ba.

A nan na ba ta labarin Lafani. Na Inna Kulu bai ba ta mamaki sosai ba. Ta ce ɗan naman tsohuwar lafiyarsa lau, kira ne bai samu ba, da yaron ya nace sai ya amsa. Da na zo kan Habsu sai ta daina murmushi. Ta yi ta jero tambaya: jinin ya kai ta suma? Al'ada ta dawo? Gashi fa? Tana jin sanyi? Duk abin da ta tambaya kamar ta taɓa ganin Habsu. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta duba ta ba, amma likitoci sun fara gane irin wannan. In mace ta zubar da jini ya wuce kima, ɗan naman nan yakan rasa jinin da zai rayu, wani sashensa ya mutu. Nonon lafiyarsa ƙalau, yaron ya kira daidai, mai aiko da amsar ne babu. Na ce akwai magani? Ta girgiza kai, ta ce ba a nan ba, ba yanzu ba.

Da na koma Illela, kwana biyu na huta na kama hanyar Lafani. Inna Kulu ta daɗe da rasuwa. Ummaru ya zama magidanci mai gemu, matarsa na goyon ɗa na wata biyu. Na sami Habsu zaune a rana da mayafi biyu, tana tsince wake. Muka gaisa, na sha ruwa, na zauna kusa da ita na gaya mata duk abin da na gani, tun daga albasa har 'yar kwalba. Ban san ko za ta damu ba, abu ya wuce shekara ashirin. Na ga hannunta ya tsaya a cikin faifan.

Ta ce, "Sake hwaɗi. Wurin jinin."

Na sake.

"Ke nan ba abin da na ce ba ne?"

Na ce me ta ce? Ta duba ko akwai mai ji, ta rage murya. Ta ce ranar da take durƙushe, da yunwar nan a cikinta, ta ce a ranta, mi za ni ba shi, da ma bai zo ba. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ko buɗe baki ba. Da nono ya ƙi zuwa sai ta san an ji ta. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko uwarta. Tun daga nan ba ta sake ɗaukar jaririn kowa ba, don kada abin da ke ƙirjinta ya shafe shi. Mutanen gari sun ɗauka ƙyashi ne na wadda haihuwa ta tsaya mata, ni ma haka na ɗauka.

Na ce, "Habsu, ni ce na riƙe cikinki ranar nan. Na ga jinin da idona, ya jiƙa zane uku. Da maganar zuci na busar da nono, da ba jaririn da ya sha a shekarar nan, don ba uwar da ba ta yi irin tunaninki ba. Jini ne. Ba ke ba ce."

Ba ta yi kuka ba. Ta ture faifan waken gefe, ta karkaɗe zanenta, ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin surukarta, matar Ummaru. Sannan ta ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Ke yarinya! Miƙo mani shi nan."

Yarinyar ta fito tana duban mu, ta kwance goyon ta miƙa da hannu biyu. Habsu ta karɓe shi a karkace, kamar mai ɗaukar ƙwarya cike da mai, sai da na gyara mata gwiwar hannu a ƙarƙashin kansa. Yaron ya buɗe ido, ya juya fuska, ya fara goga baki a ƙirjinta yana lalube. Ta sunkuya tana kallonsa, kafaɗunta suka fara rawa, na zaci kukan ne ya zo. Dariya ce.

Ta ce, "Babu komi nan, maigida. Amma zamna tukuna, uwarka ba ta gudu."